Zomo na nufa, jaki ya fito

Cikin ƙanwata yana wata bakwai na ga hoton wasu 'yan takalman jarirai a waya, saƙar kwarashi, kowanne da kan zomo a gaba, kunnuwa a tsaye. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ni da hula ɗaya tak na taɓa saƙawa a duniya, ita ma har yau ba a sami kan da ta shiga ba, na bugi ƙirji na ce kafin ta sauka zomaye biyu na nan suna jiran ɗanta. Ta ce, "Yaya, kin tabbata?" Na ce raini ne ba na so.

Na sayo zaren ulu ruwan toka da kwarashi mai kaurin milimita 4, na samo bayanin saƙar a rubuce a intanet. An ce tafin takalmin jariri sabon haihuwa kamar santimita 9 ne. Abin da bai kai tafin hannuna ba! Na ba shi kwana biyu.

Ashe masu saƙa na Amurka da na Ingila ba su taɓa zama sun daidaita a kan sunayen ƙulli ba. Gajeren ƙullin da Amurkawa ke kira "ɗaya" shi mutanen Ingila ke kira "biyu", "biyu" na Amurka kuma a Ingila "uku" ne, tsayinsa ya kusan ninka gajeren. Ni a bidiyon wata Ba'amurkiya na koyi riƙon kwarashi, takardar da nake bi kuwa 'yar Ingila ce ta rubuta. Duk inda ta ce biyu sai in naɗa zare in zuba dogo. Dare uku ina yi, ina mamakin saurin hannuna. Da na ɗora tef, santimita 15. Maigidana ya ɗaga tafin ya juya shi, ya ce, "Wai yaron nan da kuke jira, da gemunsa zai zo?"

Ban kula shi ba. Na kama bakin zare na ja, aikin dare uku ya warware kafin ya gama dariya.

Zagaye na biyu da haushi na yi shi. Haushin kuwa a zare ya ƙare, don na riƙa jansa kamar da shi muka yi faɗa, har kwarashin ba ya son shiga ƙullin da ni na yi da hannuna. Ƙafar hagu ta fito santimita 8, da tauri kamar busasshiyar fata. Ta dama kuwa bayan mako biyu na saƙa ta, na huce, ina hira ina dariya, hannu a sake. Ita ta ba ni 11. Zare ɗaya, kwarashi ɗaya, lissafi ɗaya wai. Na ce wai, don lissafin ma akwai magana. Duk gidanmu ba wanda ke tunawa da ni sai na kai ƙulli na ashirin da wani abu, a nan ne za a tambaye ni ina makulli. Na rasa abin da zan sa alamar farkon layi, na cire ɗan kunnena na maƙala. Har yau ban gan shi ba, ina zargin yana cikin ƙafar dama.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu. Na ce ba komai, kunnuwa da idanu kawai suka rage.

Kunnuwan nan su suka ƙarasa ni. Na farko ya tsaya, na biyu ya kwanta. Na ƙara wa kwantaccen layi biyu ko zai miƙe, ya ƙara tsawo ya ƙara kwanciya, dole na ƙara wa ɗan'uwansa don su zo daidai. Haka na yi ta ƙari har zare ya ƙare. Na sayo wani, launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma ban san ƙaramar lambar da ke jikin takardar zare ta rinin da aka yi shi ce ba, in lambar ta bambanta launin ma yakan ɗan bambanta. Kunnuwan ƙafar dama suka fito da duhu kamar aro aka yi.

Na ɗauko maɓallai baƙaƙe zan yi idanu, Mama ta riƙe mini hannu. "Ke, jariri ne fa. Ya ciro ya kai baki ya shaƙe, ki ce me?" Gaskiyarta, abin jarirai da zare ake ɗinka masa ido. Na ɗinka. Ɗaya ya kalli gabas, ɗaya yamma, harara-garke sosai.

Sai wata dabara ta zo mini. Na san ulu yana tsukewa in ya sha ruwan zafi da cuɗa, to me zai hana in wanke babbar ta dawo daidai da ƙaramar? Na tafasa ruwa, na cuɗa da ƙarfina. Ta tsuke kam. Ta wuce 'yar'uwarta, ta dunƙule ta koma kamar ƙwan kaza mai kunne.

Yaro yana wata huɗu na kai. Ƙanwata ta buɗe leda, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai, Yaya, sannu da ƙoƙari. Jakin ya yi kyau. Wannan ɗayan ɓera ne?" Muka gwada jakin, yatsu uku suka shiga, yaro ya yi shuri ɗaya ya cilla shi bayan kujera. Ɓeran ko gwadawa ba mu yi ba.

A hanyar komawa maigidana ya ce da ban warware na farkon ba, da yaron ya sami na sawa in ya shekara biyu. Ɓeran yanzu yana rataye a makullinsa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce kyanwa ce.