Nasiha ga ƙannena masu kiran a raba ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena na Arewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani zama da na tsinci kaina a ciki makon jiya bayan ɗaurin aure, inda hira ta gangaro kan tsadar rayuwa da dokokin haraji, sai wani saurayi da bai haura shekara ashirin da biyar ba ya ɗaga murya ya ce shi dai a raba ƙasar nan kowa ya kama gabansa, tunda mu ne muke ciyar da mutanen Kudu. Nan take majalisa ta ɗauka, wannan ya ce a raba, wancan ya ce an ma makara. Da na tambaye su ta wace tashar jirgin ruwa sabuwar ƙasar tasu za ta riƙa shigo da magani da taki, da wane kuɗi za ta biya albashin watan farko, kuma a ina iyakarta za ta tsaya, ba a samu ko mutum ɗaya da ya amsa ba, sai dai aka ce na cika tsoro. Tun daga ranar raina yake a ɓace, domin na tabbata maganar da kakanninmu suka riƙa furtawa jikinsu na rawa ta zama abin da yaro ke jefawa tsakanin kurɓar lemo da duba waya.

Ba ina musun cewa akwai abin da ke ƙona rai ba ne. Na san rikicin Hausawa da Yarabawa da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, na kuma san yadda aka kashe mafarauta goma sha shida a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyar komawa gida, kuma duk mai zuciya dole abin ya taɓa shi. Batun rabuwar wani yanki daga tarayya ma ba haramtaccen zance ba ne, masana suna tattauna shi a ƙasashe da dama. Abin da nake ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi, shi ne sakin baki, wato mutum ya furta kalmar da za ta iya cin rayukan miliyoyi alhali bai taɓa zama na sa'a guda ya yi lissafin abin da ke bayanta ba. Magana zarar bunu ce, kuma baki shi ke yanka wuya.

Da yawanku kuna ɗauka ku ne kuka fara wannan kira, alhali ya girmi iyayenku. A 1953, lokacin da Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a jira sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a titunan Legas, aka kira su karnukan farautar Turawa, abin da ya kai ga rikicin Kano a watan Mayu na wannan shekara. Sardauna da mutanensa sun dawo gida a fusace, har majalisun Arewa suka amince da buƙatu takwas waɗanda kusan rabuwa ce a fakaice. Amma ku duba abin da suka bari a hannun hukumar tsakiya duk da wannan fushi: tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, da kwastan, tare da neman a riƙa gudanar da jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa a haɗe. Sun yi haka ne saboda sun san gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos ba su da hanyar zuwa kasuwar duniya sai ta layin dogon da ya gangara teku. Daga wannan taƙaddama aka zauna a Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954. Waɗannan mutane an ci musu mutunci ido da ido, amma fushin bai hana su lissafi ba.

A 1966 kuwa abin ya wuce cin mutunci, jini ne aka zubar. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema, sannan a watan Mayu shugaban mulkin soja Ironsi ya kafa doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya. A lokacin ne kiran a raba ya cika titunan garuruwan Arewa, kuma sojojin da suka yi juyin mulkin 29 ga Yuli, ciki har da Murtala Muhammad, da niyyar ballewa suka fito. Sai da aka kwashe kwanaki ana ja-in-ja a barikin Ikeja, manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suna nuna musu abin da zai biyo baya, kafin suka janye, Gowon ya karɓi ragama ranar 1 ga Agusta. To, idan mutanen da aka kashe wa shugabanni, ga bindiga a hannunsu, ga birnin Legas a tafinsu, suka tsaya suka saurari hujja, kai wane ne da za ka ce ba ka buƙatar jin komai?

Waɗanda ba su janye ba kuma mun ga abin da ya same su. Bayan kisan da aka yi wa Inyamurai a garuruwanmu a watannin Satumba da Oktoba na 1966, wanda bai kamata mu riƙa tsallake shi idan muna ba da tarihi ba, da rushewar yarjejeniyar Aburi ta Janairun 1967, gwamnan soja na yankin Gabas, Ojukwu, ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967. Suna da man fetur, suna da teku, suna da 'yan boko masu yawa, duk abubuwan da mu ba mu da su a lokacin. Duk da haka ƙasashe biyar kacal suka amince da su a duniya, wato Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. A farkon 1968 gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗi, dukiyar da ke hannunsu ta koma takardar banza. Kafin yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, mafi yawan ƙiyasi sun nuna an rasa rayuka fiye da miliyan ɗaya, kuma yunwa ce ta kashe mafi yawansu, galibi ƙananan yara. Wanda ya yi ajiya a banki da kuɗin Biyafara, fam ashirin aka ba shi komai yawan abin da ya tara. Wannan shi ne abin da kuke kira da bakinku kuna dariya. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Sai batun da kuka fi alfahari da shi, cewa mu ne muke ciyar da su. Gaskiya ne shanu da tumatir da albasa da wake daga Arewa suke gangarawa, amma wanda yake sayarwa yana buƙatar mai saye kamar yadda mai saye yake buƙatarsa. An gwada wannan a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta hana motoci tafiya Kudu. Farashi ya tashi a kasuwar Mile 12 ta Legas, haka ne, amma a nan gida kwandunan tumatir suka riƙa ruɓewa a gonaki da kasuwanni, farashi ya faɗi warwas, manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ya rasa inda zai sa kansa, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye matakin. Ku ƙara da cewa kuɗin shigar da jihar Legas kaɗai ke tarawa a cikin gida ya fi na jihohin Arewa goma sha tara a haɗe, kuma mafi yawan jihohinmu ba za su iya biyan albashi ba idan ba a yi rabon wata-wata a Abuja ba. Kuna ambaton man Kolmani da Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022 tsakanin Bauchi da Gombe, to ku gaya mini ganga nawa aka sayar zuwa yau, kuma ta wane bututu za a fitar da shi. Kallon kitse kuke yi wa rogo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai mun je nesa ba, ku tambayi 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram yadda rashin teku yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe wa Nijar iyakoki aka yanke mata wutar lantarki, kaya suka maƙale a tashar Kwatano, shinkafa da magani suka yi tsada, sannan bututun man da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya zama abin jayayya. Ku tambayi Hausawan Sudan ma. A Janairun 2011 mutanen Kudancin Sudan suka zaɓi rabuwa da ƙuri'a sama da kashi 98 cikin ɗari, suka tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, amma bututun ya ratsa arewa ne zuwa Port Sudan. Rikicin kuɗin bututu ya sa suka rufe rijiyoyinsu a 2012, a Disamban 2013 kuma shugaban ƙasar Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar suka juya wa juna bindiga, dubban ɗaruruwa suka mutu. Ita ma Khartoum ba ta huta ba, domin rashin kuɗin man ne ya jawo tsadar da ta kai ga zanga-zangar burodi a 2018. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma wace Arewar kuke nufi? Kun tambayi Tibi na Binuwai, ko mutanen Filato, ko na Kudancin Kaduna, ko Yarabawan Kwara, ko za su bi ku? Tun zamanin Joseph Tarka, jagoran siyasar Tibi, suke da nasu ƙorafin a kanmu. Ko gandu za a raba a ƙauye, sai an kira dattawa an ƙidaya rumbuna, an lissafa bashi, an fitar da hanyar da kowa zai bi zuwa rijiya, an kuma tambayi kowane magaji. Ku kuwa ba ku ma tuna da Hausawan da aka haifa a unguwar Sabo ta Ibadan da Agege da Shagamu da kasuwar shanu ta Lokpanta a jihar Abiya ba, waɗanda su ne za a fara farauta ranar da maganarku ta tabbata. Lokacin da wasu matasa suka taru a Kaduna a watan Yunin 2017 suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, waɗancan bayin Allah ne suka kwana ba barci har aka janye wa'adin, masu sanarwar kuwa suna gidajensu.

A ƙasar Kanada lardin Kebek ya shafe shekaru yana neman ballewa, amma ku ga yadda suka bi abin. Sun yi muhawara kan rabon bashin ƙasa, kan kuɗin da za su yi amfani da shi, kan kamfanonin da suka fara kwashe ofisoshinsu daga Montreal zuwa Toronto, sannan suka je akwatin zaɓe a 1980 da 1995. A karo na biyu masu son zama suka yi nasara da kashi 50.6 cikin ɗari kawai, kuma waɗanda suka faɗi suka karɓi sakamakon. A 1998 kotun ƙolin ƙasar ta ce lardi ba shi da ikon ficewa shi kaɗai, amma idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya, wajibi ne a zauna a tattauna. Mu namu tsarin mulkin na 1999 cewa ya yi ƙasar ɗaya ce da ba ta rabuwa, kuma na tabbata da yawa cikin masu ihun nan ba su taɓa buɗe shafinsa na farko ba.

Nan ne ma abin yake ƙara ba ni haushi. Saurayin da yake son kafa sabuwar ƙasa shi ne ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu, bai san sunan kansilansa ba, bai taɓa tambayar inda kuɗin ƙaramar hukumarsa ke tafiya ba. Ya raba dare yana cacar ƙwallo a waya, ƙaninsa yana yawo da ƙoƙon bara a bakin tasha, abokinsa ya lalace da ƙwaya, 'yan bindiga sun hana mahaifinsa noma a Zamfara ko Katsina, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da Bayarabe ko Inyamuri ya ɗora mana. Idan aka raba gobe da safe, duk suna nan tare da mu, kuma babu sauran wanda za mu ɗora wa laifi. Ku ji tsoron Allah, ku koma ku yi karatu, ku zauna da manya ku saurara, ku kame bakinku daga abin da ba ku da ilimi a kansa.

Da can ba haka Arewa take ba. Yaro ba ya tsoma baki a zancen yaƙi da zaman lafiya gaban manya, kuma wanda zai yi magana a kan ƙasa sai ya san ƙasar. Mutanen da suka ji zafin gorin da aka yi musu a 1953 sun mai da martani ne da aiki, suka kafa masaƙar Kaduna a 1957, suka buɗe jami'ar Zariya a 1962, suka kafa Bankin Arewa, suka tura 'ya'yan talakawa karatu da kuɗin gyaɗa da auduga. Yau masaƙun Kakuri sun zama kufai, filin dalar gyaɗa ya cika da gine-gine, dattawan da suka ga yaƙin basasa da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka rage idan suka buɗe baki a majalisa, yara ne suke katse su su ce zamaninsu ya wuce.