Shekara 33 tsakanin dariya biyu

Duk wanda ya tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo zai tuna yadda ake cika falo ana kallon Coming to America, fim ɗin barkwancin da ya fito a 1988, inda Eddie Murphy ya taka rawar Yarima Akeem na ƙasar Zamunda, wanda ya bar gata da fadawa ya tafi unguwar Queens ta birnin New York neman macen da za ta so shi ba tare da sanin sarautarsa ba. Baƙunta ce ke ba da dariya a fim ɗin: ɗan sarki yana goge daɓe a gidan sayar da abinci cikin murna kamar an yi masa naɗi, ga tsofaffin shagon aski suna musu kan dambe, mai kallo bai ankara ba cewa Murphy da Arsenio Hall ne aka sauya wa kamanni.

A watan Maris na 2021 aka saki kashi na biyu a Prime Video, dandalin kallon fina-finai ta intanet. Na zauna kallonsa da ɗoki, amma tun kafin a yi nisa na gane cewa ana ta zagayawa da ni ne wuraren da na riga na sani. An koma shagon askin nan, kuma tsofaffin da tun 1988 furfura ta cika musu kai suna nan daram a kan kujerunsu, suna irin musun da suka saba. Na yi murmushi don na gane su, amma murmushin ganin tsohon sani daban yake da dariyar da ke ƙwace wa mutum ba shiri. Barkwanci ba-zata yake so, kuma babu ba-zata a abin da ka haddace tun kana yaro.

Ban ce fim ɗin ba shi da armashi ba, domin kayan sawa sun ƙayatar, kuma ganin Davido yana waƙa a ciki ya faranta wa 'yan Najeriya da yawa rai. Sai dai labarin ɗan da Akeem ya haifa a Amurka bai sani ba, ƙirƙiro shi aka yi don kawai a sami hujjar komawa Queens, kuma ya ɗan ɓata mutuncin yariman da muka sani da kamun kai.

Kamfanonin fim sun san cewa tsohon suna ya fi sabon labari sauƙin talla, shi ya sa Dumb and Dumber na 1994 ma ya dawo bayan shekara 20 da jarumansa biyu, sun manyanta suna wautar samartaka.