Samarin Katsina masu gudun famfalaki, ku fara da ƙaramar gasa

Ƙannena da ke fitowa bayan sallar asuba kuna zagaya filin wasa na Muhammadu Dikko, Allah ya ƙara lafiya, wallahi abin yana burge ni. Amma tunda na fara jin wasunku na cewa su fa Legas za su, gasar gudun yada ƙanin wani da aka fara a 2016, wadda galibi ake yi a watan Fabrairu, hankalina bai kwanta ba.

Kun san tsawonta kuwa? Kilomita 42 da ɗoriya. Kuma ba tsawon kaɗai ba, mu nan a Fabrairu hunturu ne, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa, can kuwa zafi ne mai laima, gumin zai ta zuba amma jiki ba zai huce ba, ga dubban mutane a wurin tashi, ana ihu ana kiɗa, sai zumuɗi ya ɗebe ka ka fita da gudun da ba naka ba, kafin ka yi nisa ka ƙone rabin ƙarfinka. Wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya ajiye yake ƙarewa, nan ƙafa ke ƙin ɗaguwa ko da zuciya na so. Ban ma yi maganar kuɗin mota da masauki ba.

Ba ina kushe babbar gasa ba ne. Ruwa a hanya, motar asibiti, na'urar auna lokaci, hanyar da aka auna daidai, duk a can aka fi samu. Sai dai wuri ne na wanda ya riga ya san jikinsa.

Dan Allah ku fara da kilomita 5 ko 10, a gasar da ba cunkoso, kusa da gida, ka kwana a ɗakinka ka ci abincin da cikinka ya saba da shi. Kar ku ga kamar raini ne, gasar Okpekpe ta jihar Edo kilomita 10 ce kawai kuma 'yan Kenya da Habasha na zuwa. Eliud Kipchoge ma, shahararren ɗan gudun nan na Kenya, mita 5000 ya ci a gasar duniya a Faransa a 2003, bai shiga doguwar ba sai 2013 a Jamus. Shekara goma fa!

To amma ƙaramar ma a bi ta da ido buɗe, nan ne sakaci ya fi yawa. Kafin ka biya kuɗin rajista tambayi masu shiryawa, ruwa duk bayan kilomita nawa, akwai likita, za a tare motoci da 'yan acaɓa, ƙarfe nawa za a tashi? In sai rana ta ɗaga za a fara, haƙura kawai. Wanda kuma yake da hawan jini ko yake jin ciwon ƙirji in ya yi gudu, ya fara zuwa asibiti a duba shi kafin ya rubuta sunansa a ko wace gasa.