Gyambon ƙafar mai ciwon suga: ba man shafawa ne ke warkar da shi ba

Jama'a a nan Gusau kullum tambayar mutane ita ce wane magani ya fi, zuma ko garin kafso ko sifirit, kamar dai a kan abin da aka shafa warkewar take. Ba haka ba ne wallahi. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum zai taka ƙusa ko takalmi ya ci shi bai ji ba, kuma jini baya isa wurin sosai, shi ya sa ɗan ƙaramin miki yake zama gyambo.

Abin da ke aiki shi ne a daina taka wurin, ta hanyar amfani da sanda ko takalmi na musamman, likita ya kankare mataccen nama, a wanke da ruwan gishiri na asibiti a rufe da bandeji mai tsabta, a saukar da suga. Sifirit yana ƙona sabon nama, jiƙa ƙafa a ruwan zafi kuma yana iya ƙona ta mai ita bai sani ba.

In gyambon ya fara wari, ko kumburi, ko baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ranar nan a kai mara lafiyan FMC, wato asibitin gwamnatin tarayya, kar a jira gobe don Allah.