Tarihin kaka a gonar bayi: su wa ake ƙirgawa cikin iyali?

A shekarar 2015 wani asiri ya tonu a Amurka. Saƙonnin imel na kamfanin Sony da masu kutse suka sace suka watsa sun nuna cewa ɗan wasan fim Ben Affleck ya roƙi masu wani shirin talabijin na binciken asalin mutane, wanda Farfesa Henry Louis Gates ke gabatarwa a tashar PBS, su cire batun wani kakan kakansa da ya mallaki bayi. Aka kuwa cire. Da maganar ta fito fili sai ya ce kunya ce ta kama shi, tashar kuma ta ɗage zango na gaba na shirin.

Kunyar ba ta dame ni ba, alama ce ta zuciya mai rai. Abin da ya dame ni shi ne inda kunyar take kai mutane. Amurkawa da dama a yau sun duƙufa wajen tono tarihin gidajensu, kuma da yawansu kan ci karo da kaka manomi a Bajiniya ko Jojiya ko Kentaki. Sai a rubuta ranar haihuwarsa, sunan matarsa, 'ya'yansa takwas, cocin da yake zuwa, faɗin gonarsa. Can ƙasa kuma a liƙa layi ɗaya: "yana da bayi huɗu." A ganina duk tarihin da aka rubuta haka gurgu ne, domin mutanen nan huɗu a cikin gidan suke, guminsu ne ya ciyar da 'ya'yan nan takwas, wani lokacin ma jini ɗaya ne ke gudana a jikinsu.

Idan aka ambaci bauta a kudancin Amurka, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne katafaren gandun auduga mai ɗaruruwan bayi. Akwai irinsu, amma ba su ne mafi yawa ba. Ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyan 4 a hannun iyayen giji kimanin 390,000, kuma kusan rabin waɗannan iyayen giji bayinsu ba su kai biyar ba. Ke nan kakan da yawancin masu bincike za su tarar ƙaramin manomi ne, mai shiga gona tare da bawansa, wanda matarsa ke girki tare da baiwarta. Daga nan ne labarin nan mai daɗin ji yake samo tushe, wanda jikoki ke miƙa wa juna: ai shi ba mugu ba ne, ai kamar 'yan gida ya riƙe su.

To, mu ɗauka haka ne, bai taɓa ɗaga bulala ba. Bari mu duba abin da ƙaramar gona take yi wa iyalin bawa ko da mai ita mutumin kirki ne.

A gonar da bayi uku ko huɗu ne kawai, da wuya saurayi ya samu matar aure a wurin. Dole ya nema a wata gona. Sai ya zama miji na wani ubangiji, mata ta wani. Yakan tako da ƙafa daren Asabar ya ga iyalinsa, da takardar izini a aljihu, don in masu sintiri suka tare shi babu ita, duka ne. Kafin wayewar garin Litinin ya koma bakin aiki. Auren nasu ma doka ba ta san da shi ba. 'Ya'yan da suka haifa kuwa na ubangijin uwar ne, bisa ƙa'idar da Bajiniya ta kafa tun 1662 cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wadda sauran yankunan suka ɗauka. Uban ba shi da ta cewa ko da an ɗaga ɗansa za a sayar.

Sannan ƙaramin manomi kullum a bakin bashi yake. Damina ɗaya ta ƙi, sai a waiwayi abin da ya fi saurin zama kuɗi a gidan, wato mutum. Bayan da aka haramta shigo da bayi daga Afirka a 1808, auduga kuma ta bunƙasa a Alabama da Misisifi da Luwiziyana, kasuwar cikin gida ta buɗe baki. Kimanin mutum miliyan 1 aka kwasa daga jihohi irin su Bajiniya da Merilan zuwa can ƙuryar kudu kafin yaƙin basasa. Wanda ba a sayar ba ana iya ba da hayarsa ta shekara guda, kuma ranar 1 ga Janairu aka saba ƙulla wannan ciniki. Ranar da wasu ke murnar sabuwar shekara, uwa tana sallamar ɗanta ɗan shekara goma sha biyu zuwa gidan da ba ta sani ba.

Amma ranar da ta fi kowace tayar wa bayi hankali ita ce ranar mutuwar ubangiji. Kirkinsa yakan bi shi kabari, abin da ya rage sai rabon gado. Masu ƙiyasta dukiya su zo su jera komai a takarda: dawaki, shanu, gadaje, tukwane, sai mace mai suna kaza dala kaza, ɗanta dala kaza. Magada biyar, bayi huɗu, yaya za a yi? A raba, ko a sayar a raba kuɗin. Ko George Washington, shugaban ƙasar na farko, wanda ake yabo da 'yanta bayinsa a wasiyya, bai tsira daga wannan ba. Lokacin da ya mutu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, amma 123 ne kawai nasa. Wasu 153 na gadon mijin matarsa na farko ne, ba shi da ikon 'yanta su. Ɓangarorin biyu kuwa sun daɗe da auren juna. Nasa suka samu 'yanci a 1801, da matarsa Martha ta mutu a 1802 aka raba na gadon tsakanin jikokinta. Miji ɗa, mata baiwa, 'ya'ya kuma sun bi uwa. In haka ta faru a gidan mai wadata da kyakkyawar niyya, me ake tsammani a gidan manomin da bashi ya yi wa katutu?

Akwai kuma maganar da ake saurin tsallakewa a taron dangi. Masu ƙidayar 1860 sun rubuta kusan ɗaya cikin kowane bayi goma a matsayin ruwa-biyu. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba. Baiwa ba ta da ikon cewa a'a ga ubangijinta ko ɗansa ko mai kula da gona, dokar 1662 ɗin nan kuma ta sa mutum yana iya mallakar ɗan cikinsa, ya ma sayar da shi. Zuriyar wata baiwa mai suna Sally Hemings sun yi kusan shekara ɗari biyu suna cewa ubangijinta Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, shi ne kakansu ana ƙaryata su, sai da gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 ya zo, sannan gidauniyar da ke kula da gidansa na Monticello ta amince a 2000 cewa hujjoji sun fi nuna shi ne uban 'ya'yanta. Saboda haka idan jikan manomi ya zana bishiyar danginsa ya bar bayi a waje, mai yiwuwa ne 'yan uwansa na jini ya bari.

Na san abin da za a ce: mutanen zamaninsu ne, bai kamata a auna su da mudun yau ba. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, amma ba kamar yadda ake zato ba. A zamanin nasu ne mabiya ɗariƙar Kweka suka hana 'yan cocinsu mallakar bayi tun 1776. A Bajiniyar ce Robert Carter na Uku ya sa hannu a 1791 kan takardar 'yanta bayinsa sama da 450, maƙwabta da dangi suna jin haushinsa. Su kansu bayin mutanen zamanin ne, kuma tallace-tallacen cigiyar waɗanda suka gudu da suka cika jaridun lokacin sun isa shaida kan yadda suke kallon lamarin. Kakan ya ji duk wannan, ya zaɓi abin da ya zaɓa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ni ban mallaki kowa ba, me ya sa za a ɗora mini? Gaskiya ne, wani rai ba ya ɗaukar zunubin wani. Ba na neman kowa ya yi tuba kan abin da aka yi kafin a haifi kakarsa. Sai dai laifi ne ba a gada. Gona ana gadonta, haka suna, haka akwatin takardu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Askin a nan shi ne takardun. Ba'amurke baƙar fata da ke neman asalinsa yakan bi sawu lafiya lau har zuwa ƙidayar 1870, ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Daga nan sai bango. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an yi wa bayi jadawali daban: sunan ubangiji a sama, a ƙasa kuma shekaru, jinsi da launin fata, babu suna. "Mace, 24, baƙa." Sunan wannan mata, idan ya tsira, yana cikin wasiyyar ubangijinta, ko takardar ƙiyasta gado, ko rasidin ciniki, ko littafin lissafin gona, ko wasiƙar da uwargida ta rubuta wa ƙanwarta tana ƙorafin baiwarta ta haihu ana tsakiyar girbi. Wasu na ɗakunan ajiyar kotuna, amma da yawa suna hannun jikokin iyayen giji, a cikin akwati. Wanda ya ɓoye su don kunya ya sake raba wani da kakarsa.

Kuma neman ba sabo ba ne. Da aka gama yaƙi a 1865, gyaran tsarin mulki na 13 ya soke bauta, abu na farko da dubban 'yantattu suka yi shi ne cigiyar juna. Suka yi ta tururuwa ofisoshin hukumar da gwamnati ta kafa don 'yantattu a ɗaura musu auren da doka ta ƙi sani a da. Suka riƙa biyan kuɗi a jaridun coci irin su Christian Recorder a buga cigiyar uwa ko ɗa da aka sayar shekara ashirin ko talatin baya, ana karantawa a gaban masu ibada ranar Lahadi. An ci gaba da buga irin wannan cigiya har farkon ƙarni na 20.

Jami'ar Georgetown ta nuna abin da buɗe akwati ke iya yi. A 1838 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit a Merilan, masu gudanar da makarantar, sun sayar da mutum 272 ga masu gandu a Luwiziyana kan dala 115,000, wani ɓangare na kuɗin ya biya bashin makarantar. Da yake an rubuta sunayensu a takardar ciniki da littattafan baftisma, masu bincike sun iya gano dubban jikokinsu da ke raye, waɗanda da yawansu ba su taɓa sanin daga Merilan kakanninsu suka fito ba. A 2016 jami'ar ta ba su fifiko wajen ɗaukar ɗalibai, a 2017 aka nemi gafararsu a bainar jama'a. Ana iya gardama kan ko hakan ya isa, ni ma ina ganin bai isa ba. Ƙaramin manomi dai ba shi da magatakarda irin na limamai. Sau da yawa sunan baiwarsa a wuri ɗaya tak aka taɓa rubuta shi, kuma jikansa ne kaɗai ya san inda takardar take.