Yadda mantuwar Kawu ta kayar da lissafina

Ƙarshen 2019 na ja Kawu muka sayi hannun jari a kasuwar Amurka ta wata manhaja, dala 500 kowannenmu, a asusun da ke bin ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka 500, wato S&P 500. Shi ya koma rumfarsa a Kwari. Ni na duƙufa karatu har na samo tsari: layi biyu, ɗaya matsakaicin farashin kwana 50, ɗaya na kwana 200. Ƙaramin ya nutse ƙarƙashin babban, ka sayar. Ya haura, ka saya. Babu tsoro, babu son zuciya. Har lacca na riƙa yi a teburin mai shayi kan Richard Dennis, wanda ya tara mutane a Chicago a 1983 ya koya musu ciniki da ƙa'ida, aka yi musu laƙabi da kunkuru.

Korona ta zo, kasuwa ta rufta da kashi 34 cikin ɗari, ta kai ƙasa ranar 23 ga Maris 2020. Layina bai farka ba sai bayan kamar mako guda, ta riga ta fara miƙewa. Na sayar ina hura hanci. Bai ce in dawo ba sai Yuli, na sake sayen kayana da ƙarin kusan kashi 20. A Maris 2022 ya sake kore ni, ya maido ni Fabrairun 2023 kusan a farashin da na fita. Wata 11 ina gadin waya, dillali kaɗai ya ci.

Sai ranar sunan 'yar Yaya a 2024. An gama cin waina, zaure cike, Kawu ya ɗaga murya: "Ɗan boko, zo nan. Kuɗin nan namu na Amurka suna nan kuwa? Tun azumin korona na manta lambar sirrin."

Na karɓi wayar, gilashinta a tsage, an ɗaure bayanta da kyauro. Na yi gyaran murya na ce, "Kawu, ai wanda bai da tsari sai dai a yi masa jaje." Da bakina na faɗa, kowa ya ji. Saƙo ya shigo, na buga, ya buɗe. Na kalli lambar. Na goge gilashin da hannun riga na sake kallo. Na ce hasken wayar ne ya yi ƙasa.

Mijin ƙanwata ne ya leƙo ta kafaɗata. Kun san shi. Mutumin da ya ari tsanina tun 2021 zai gyara kwano, har yau in na tambaya sai ya ce ai yana nan lafiya, kamar gaishe shi na yi. A bikin nan ko ruwan leda bai kawo ba, amma shi ne ya karanta lambar da ƙarfi, ya ninka da naira 1,500 a ka, mutumin da lissafin bashi ke gagara. Sannan ya juyo: "To Malam Kunkuru, buɗe naka mu gani, kai mai inji."

Na ce caji ya ƙare. Wayar ta yi ƙara a aljihuna.

Na buɗe. Na Kawu ya ɗara nawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kawu ya jima yana kallona da tausayi, ya ce, "Au, dama ana sayarwa ne? Ni na zaci kamar fili ne."

Na fara bayanin cewa tsarin yana da amfani in faɗuwar ta yi tsawo, irin ta 2008, sai aka shigo da farfesu. Ba wanda ya sake waiwayata.

Lambar sirrin na rubuta masa a bayan kalanda. An ce yara sun yage ta. Tsanin ma har yanzu shiru.