Tauraro biyar daga wanda bai taɓa jefa dayis ba

Wai littafin RPG (wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari, ana jefa dayis) mai shafi 300 ya fito ranar Talata, kafin azahar ɗin Laraba har ya sha tauraro biyar-biyar. Sannunku da karatu, malamai! Wato a dare ɗaya kun haddace dokoki, kun tara 'yan wasa, kun gina jarumai, kun buga, har kun yanke hukunci. Sai kuma wancan bawan Allah da ya manna tauraro ɗaya don gefen littafinsa ya lanƙwashe a hannun masu kai kaya. Shi ma an ƙirga nasa.

Lambar nan ba ta da amfani muddin mai ita bai faɗi abu ɗaya ba: ka buga, ko karantawa kawai ka yi?

Littafin wasan tebur ba labarin hira ba ne, kayan aiki ne. Aibinsa ba ya fitowa sai an zauna. A nan ne za ka ga gina jarumin da aka ce minti 20 ne ya cinye awa biyu, saboda jerin makamai yana babi na 3, dokar amfani da su tana babi na 9, fihirisa kuma babu. A nan ne ɗaki mai lamba 14 a taswira zai zama 15 a rubutu, jagoran wasa ya tsaya yana lalube, mutum huɗu sun zuba masa ido. A nan ne dodon da aka ce ya dace da sababbin jarumai zai shafe su a zagaye biyu, don marubucin bai lissafa cewa sau biyu yake kai hari a kowane zagaye ba. Mai karatu a kan gado ba zai ga ko ɗaya ba. Zane ya gani, zanen ya yi kyau, ya danna biyar. Yabon miya ne tun tana cikin tukunya.

Za a ce ai in aka haɗa ra'ayin jama'a gaskiya za ta fito. Wace jama'a? Ƙaramin marubuci a DriveThruRPG, shagon intanet na littattafan RPG, sau da yawa mutum uku ko huɗu ne suka ba shi maki. Biyar, biyar, ɗaya: ya faɗo 3.7 ke nan. Tauraro ɗayan nan a cikin mutum 200 ko gezau. Kun ga ashe lambar yawan masoya take aunawa. Su ma lambobin yabon shagon, daga Copper na wanda ya wuce kwafi 50 zuwa Adamantine na wanda ya wuce 5,000, ciniki suke nunawa. Ba su ce wasan ya yi daɗi ba.

Wani zai ce ba shi da lokacin karanta dogon sharhi. To kana da lokacin zaman awa huɗu kowane mako?

Tsakani da Allah, ba ƙin lamba nake ba. Tsarin RPGnet, shafin intanet na masu RPG, ya fi kusa da hankali: maki biyu, ɗaya na tsari da kyan gani, ɗaya na abin da ke ciki, kowanne daga 1 zuwa 5, sannan a nuna ko sharhin na karatu ne ko na wanda ya gwada a tebur. Wannan bambancin kaɗai ya fi taurarin duka. In za ka rubuta, ka faɗi zama nawa kuka yi, ku nawa ne, a wane mataki jarumai suke, wace doka ce ta tsayar da wasa, kuma me kuka yi kuka wuce ta. Layi biyar ya isa. Bayan haka ka ba da ko tauraro nawa ne, za mu san inda za mu ajiye shi. In ba ka buga ba, ka ce ba ka buga ba, babu wanda zai kama ka.

Af, ku kuma masu fitar da PDF da baƙin bango a kowane shafi, ku ji tsoron Allah. Takardar jarumi guda biyar mutum zai buga, tawadar firinta ta ƙare. Ku riƙa sa fari daban mana, kuma ku sa alamomin tsallakawa zuwa babi, ba sai mun ja shafi 180 da yatsa a waya ana tsakiyar faɗa ba.